Fiksel Nawa Ke Kan Mutum? Jagorar Zaɓe da Saita Kyamarar Infared Don Bin Sawun Motsi

Duk wanda ya je sayen kyamarar tsaro ta dare, lambobi biyu ake fara nuna masa a jikin kwali: yawan fiksel, wato ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, da kuma yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa guda. Mai saye yakan ɗauka wadda lambarta ta fi girma ita ce ta fi aiki. Sai an kafa ta, dare ya raba, a ga manhaja ta kama mutum a bakin shinge ta ba shi lamba 7, ya yi taku biyar ta mayar da shi lamba 12, ya gitta bayan bishiya ta manta da shi ɗungurungum. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Lissafin da ya kamata a yi kafin saye ne aka tsallake.

Lissafin nan tambayoyi biyu ne kacal. Fiksel nawa ne za su sauka a jikin mutumin a inda yake tsaye? Kuma tazarar da zai yi tsakanin hoto ɗaya da na gaba, ta kai faɗin jikinsa ko ba ta kai ba? Wannan jagora ta masu tsare rumbunan ajiya ce, da shingen masana'antu, da tashoshin wutar lantarki, da masu aikin ceto da ke neman wanda ya ɓace cikin duhu.

Mataki na farko: san irin infared ɗin da kake magana a kai

Tun shekarar 1800 da William Herschel ya gano akwai haske a bayan launin ja wanda ido ba ya gani amma yana ɗaga ma'aunin zafi, sunan infared ya rufe fage mai faɗi. A harkar tsaro kashi biyu ake amfani da su, kuma ba su yi kama da juna ba.

Na farko ita ce kyamarar da ke da ƙananan fitilu zagaye da idonta. Tana haska wuri da hasken da tsawon zangonsa nanomita 850 ne ko 940, ta ɗauki abin da ya dawo. Fitilar 850 kan nuna ɗan ja-ja idan ka kalle ta kai tsaye, ta 940 ba ta nunawa, sai dai sensa, wato sashen kyamara da ke karɓar haske, ba ta jin ta sosai, don haka nisanta ya fi gajarta. Irin wannan kyamara tana da fiksel da yawa, miliyan biyu ko fiye, kuma tana iya nuna fuska. Rauninta shi ne fitilar: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a kan mutum yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ta biyu ita ce kyamarar zafi. Ba ta haska komai. Tana karɓar zafin da jiki ke fitarwa da kansa a zangon maikuromita 8 zuwa 14, kuma jikin ɗan Adam ya fi fitar da nasa a wajen 9 zuwa 10, wato cikin zangon da take ji. Fiksel ɗinta kaɗan ne: 160 × 120, ko 384 × 288, ko 640 × 512, masu tsada kuma 1280 × 1024. Ba ta gani ta cikin bango, ba ta ma gani ta cikin gilashin taga, shi ya sa ake yin idonta da sinadarin jamaniyam. Idan aikinka shi ne ka san mutum ya shigo kuma ina ya nufa, wannan ce taka. Idan kuma so kake ka san ko wane ne, kana buƙatar ta farkon a bakin ƙofa ko a wata matsattsiyar hanya.

Mataki na biyu: faɗi ƙarara abin da kake so ka gani

A 1958 wani masani a ɗakin binciken rundunar sojan Amurka, John Johnson, ya auna yawan bayanin da idon mutum ke buƙata a hoto kafin ya yanke hukunci. Ya raba abin hawa-hawa: a gane akwai wani abu, a gane mutum ne ba dabba ba, sannan a bambance irin mutumin, misali ko yana ɗauke da kaya. Kamfanonin kyamarar zafi sun mayar da ma'auninsa fiksel 1.5, da 6, da 12, a kan faɗin mita 0.75 na jikin mutum. Daga nan suke samo nisan da suke bugawa a takardar talla.

Abu biyu ne ba a cika faɗa wa mai saye ba. Ma'aunin Johnson na idon ɗan Adam ne mai zura wa allo ido, kuma yana nufin zai dace sau ɗaya cikin biyu ne kawai. Tsaron da ke dacewa rabi, ya kuskure rabi, ba wanda zai kwanta ya yi barci a kansa. Manhajar bibiya kuwa ta fi ido buƙata nesa ba kusa ba, domin sai ta ga siffar kai da kafaɗa da ƙafafu kafin ta ce mutum ne. A ganina kada ka tsara aiki a kan ƙasa da fiksel 20 a tsayin mutum, kuma 30 ya fi kwanciyar hankali. Tambayi wanda ya rubuta manhajar mafi ƙanƙantar girman da take kamawa, ka ƙara wani abu a kai.

Ga kyamarori masu fitila akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 62676-4, wadda a bugunta na 2014 ta ba da fiksel 25 a kowace mita don gano mutum, 62.5 don lura da abin da yake yi, 125 don gane wanda ka riga ka sani, da 250 don tantance baƙo. Kyamara mai faɗin fiksel 1920 da aka buɗe ta rufe fili mai faɗin mita 30 tana ba ka 64 a mita, wato lura kawai. Idan fuska kake so, sai filin ya matse zuwa ƙasa da mita 8.

A nan ne kuma ya dace ka tsaya ka tambayi kanka ko kana buƙatar fuskar ma. Mutanen da ke wucewa ta gefen shinge suna da haƙƙin kada a tara hotunansu ba dalili. Ka tsaya kan iyakar wurin da aka ba ka amanarsa, ka rufe tagogin maƙwabta da hanyar jama'a a cikin saitin kyamara, ka kafa sanarwa, ka bi dokar kare bayanai ta ƙasar da kake. Wani alherin kyamarar zafi shi ne tana gaya maka an shigo ba tare da ta tona asirin kowa ba.

Mataki na uku: lissafa fiksel ɗin da ke kan mutum

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma biro da takarda sun isa. Nemo lambobi biyu a takardar bayanin kyamara: girman fiksel guda, wanda yawanci maikuromita 17 ne ko 12, da tsawon zuƙowar idon kyamara a milimita. Raba na farko da na biyu, ka ninka da nisa a mita, ka sami faɗin wurin da fiksel guda ke rufewa a milimita.

Ɗauki sensa mai fiksel 17 da ido mai milimita 19. Rabawa ta ba da 0.89. Ma'anarsa a nisan mita 100 kowane fiksel yana rufe kusan santimita 9. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama fiksel 19 a tsaye, faɗinsa na rabin mita kuma bai kai fiksel 6 ba. A wannan haɗi lissafin ya zo da sauƙi, raba 1900 da nisa kawai: a mita 50 fiksel 38, a mita 100 fiksel 19, a mita 200 ƙasa da 10, a mita 300 wajen 6.

Yanzu koma ga takardar talla. Da ma'aunin fiksel 1.5, wannan kyamara za a ce tana gano mutum a kusan mita 560. Ba ƙarya aka yi ba, amma a wannan nisa tsayin mutumin gaba ɗaya fiksel uku da ɗan ɗoriya ne, ɗigon fari da ba ya da maraba da kare ko dutsen da ya sha rana. Idan ka bi ƙa'idar fiksel 20 zuwa 30, nisan da za ka dogara da shi wajen bibiya yana tsakanin mita 63 da 95. Da wannan lambar za ka ƙidaya yawan kyamarorin da shingenka ke buƙata.

Akwai wani abu da ke rikita mutane da yawa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Ka ɗauki kyamara biyu, ɗaya mai faɗin fiksel 320, ɗaya 640, dukkansu fiksel 17 da ido 19. Mutumin da ke mita 100 fiksel 19 ne a cikin kowaccensu. Babbar ba ta ƙara masa ko ɗigo ɗaya ba. Abin da ta ƙara shi ne faɗin fili: ƙaramar tana ganin kusan digiri 16, wato mita 29 a wannan nisa, babbar kuma digiri 32, wato mita 57. Idan kana son mutum ya girma a hoto, idon za ka canja. Sa wa mai 640 ido na milimita 35, mutumin ya koma fiksel 35, filin kuma ya ragu zuwa mita 31. Ashe yawan fiksel kamar jari ne a hannunka, kai za ka zaɓi ko ka kashe shi a faɗi ko a nisa.

Ga bibiya faɗin nan yana da daraja ta daban. Mai tafiya a hankali zai ɗauki daƙiƙa 40 kafin ya ratsa mita 57, manhaja ta sami isasshen lokacin tabbatar da shi da sanin inda ya dosa. Zuƙowa ta cikin manhaja kuwa ba ta ƙara komai, fiksel ɗin da ke akwai take kumburawa.

Mataki na huɗu: lissafa tazarar da ke tsakanin hoto da hoto

Sai ka fahimci yadda manhaja ke bin sawu kafin wannan lissafi ya yi ma'ana. A kowane hoto tana zana akwati a kan duk wanda ta gani. Sannan ta yi hasashen inda kowane tsohon akwati ya kamata ya kasance yanzu, galibi da dabarar lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, ta haɗa sababbin akwatuna da tsofaffi gwargwadon yadda suka hau kan juna. Tsarin SORT da aka fitar a 2016 haka yake aiki, kuma manhajoji da yawa sun ginu a kan wannan tunani. Idan sabon akwati bai taɓa wurin da aka yi hasashe ba, sai ta ɗauka sabon mutum ne ta ba shi sabuwar lamba. Tushen matsalar lamba 7 da ta koma 12 ke nan.

Mutum yana tafiya kimanin mita 1.4 a daƙiƙa. A kyamara mai hoto 9 a daƙiƙa yana matsawa santimita 16 tsakanin hoto da hoto, a mai 30 kuma ƙasa da 5. Tunda faɗin jikinsa wajen santimita 50 ne, akwatunan suna hawa kan juna sosai a duka biyun. Mai tafiya ba ya ba kowa wahala.

Mai gudu ne ke raba gardama. A gudun mita 5 a daƙiƙa, kyamara mai hoto 9 tana ganinsa ya yi tsallen santimita 56, ya wuce faɗin jikinsa, akwatin yanzu da na ɗazu ba su haɗu ba ko kaɗan. A hoto 30 tazarar santimita 17 ce, a hoto 60 kuma 8. Hasashen Kalman yana taimakawa idan mutumin ya miƙe a layi ɗaya kuma an riga an kama saurinsa, amma a hotunan farko ba a san saurin ba, kuma da ya yi kwana kwatsam hasashen ya tafi gabas shi ya yi yamma. Ka lura nisa ba ya gyara wannan. Idan mutum ya yi nisa tazararsa a hoto tana raguwa, amma akwatinsa ma yana raguwa daidai da ita.

Me ya sa ake samun kyamarorin zafi da yawa masu hoto 9? Dokokin fitar da kaya na Amurka, da yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 kan kayan da ke iya yin aikin soja da na farar hula, sun fi sassauta wa kyamarorin zafi da ba su wuce hoto 9 a daƙiƙa ba. Don haka kamfanoni kan yi samfuri iri biyu da suna kusan ɗaya. Duba takardar da kyau ka san wanne aka kawo maka.

Shawarata ita ce, a filin da babu cunkoso, inda mutum ɗaya ko biyu ne za su shigo kuma ƙararrawa kawai ake so, hoto 9 yana yin aiki. Inda mutane ke gittawa ta gaban juna, ko ake tsammanin gudu, ko kyamarar da kanta tana motsi a kan jirgi maras matuƙi ko tana juyawa, kada ka sauka ƙasa da 25 ko 30. Gittawa ce mafi wuya a hoton zafi, domin babu launin riga da zai bambanta mutum biyu, fararen siffofi ne biyu suka haɗe suka rabu, kuma yawan hotuna a lokacin haɗuwar ne kaɗai ke nuna wa ya bi ta ina. Haka ma kusa da kyamara: a mita 10 filin da ke da digiri 32 bai kai mita 6 ba, mai gudu zai ratsa shi cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, wato hoto goma kacal a kyamara mai 9.

Mataki na biyar: hana hoto yin dishi-dishi

Yawan hotuna daban, tsawon lokacin da ake ɗaukar kowane hoto daban. Kyamara mai fitila idan duhu ya yi takan tsawaita buɗewarta da kanta don ta tara haske. Hoton fili ya yi kyau, amma mai motsi ya zama inuwa. A buɗewar 1/30 na daƙiƙa mai gudu yana jan santimita 17 a cikin hoto guda, fuska ta tafi. A 1/250 santimita 2 ne. Shiga saiti ka ƙayyade iyakar buɗewar, idan hoton ya yi duhu ka ƙara fitila.

A kyamarar zafi maras sanyaya, wato wadda ba ta da na'urar sanyaya sensarta, kowane fiksel ɗan ƙaramin abu ne da sai ya ɗumama sannan ya ba da amsa, kuma hakan na ɗaukar wajen kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa. Mai gudu yana yin santimita 5 a wannan lokaci. A kyamarar nan mai fiksel 17 da ido 19, a mita 100 rabin fiksel ne, ba komai. A mita 20 kusan fiksel uku ne, za ka ga jela a bayansa. Wannan halin sensar ne, saiti ba ya cire shi, kuma shi ya sa hoto 60 a irin wannan kyamara ba ya ninka amfanin hoto 30.

Mataki na shida: bi hoton har inda ake sarrafa shi

Sensa mai 640 × 512 da ke ba da bit 14 a kowane fiksel, hoto 30 a daƙiƙa, tana fitar da kusan megabit 138 a daƙiƙa kafin a matse. Dole a matse da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265, kuma matsewa mai tsanani ƙananan abubuwa take fara cinyewa, wato daidai mutumin nan mai fiksel 20 da ke can ƙarshen shinge. Idan za ta yiwu, manhajar ta yi aikinta a cikin kyamara kafin matsewa. Idan a wata kwamfuta take, tabbatar babban zubin bidiyo take karɓa, domin sau da yawa ana haɗa ta da ƙaramin zubin da aka rage wa fiksel. Sannan ka duba hoto nawa kwamfutar ke iya sarrafawa da gaske. Kyamara mai 30 da aka haɗa da na'urar da ke kammala 5 a daƙiƙa, tsarinka na hoto 5 ne, mai gudu yana tsallen mita guda.

Kyamarar zafi kuma takan rufe idonta lokaci-lokaci don daidaita fiksel ɗinta, za ka ji ɗan ƙas, hoto ya tsaya na ƙasa da daƙiƙa. Rabin daƙiƙa ya ishi mai gudu ya yi mita biyu da rabi. Saita manhaja ta riƙe wanda ya ɓace na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kafin ta share shi. Wannan saiti da yawan hotuna ake ƙidaya shi a manhajoji da dama, don haka 30 na nufin daƙiƙa ɗaya a kyamara mai hoto 30, amma fiye da daƙiƙa uku a mai hoto 9.

Mataki na bakwai: kafa, sannan ka gwada da ƙafa

Jera kyamarorin su kalli tsawon shinge, kowacce tana rufe makahon wurin da ke ƙarƙashin ta gabanta. Kada rana mai fitowa ko faɗuwa ta shiga idon kyamarar zafi kai tsaye.

Gani ya kori ji. Sa alama a ƙasa kowace mita 10 ko 20, ka sami abokan aiki biyu da suka yarda. Ɗaya ya yi tafiya, ya yi gudu, ya sunkuya, ya yi rarrafe. Rarrafen yana da muhimmanci, domin mutumin da ke fiksel 19 a tsaye yana iya komawa 5 ko 6 idan ya kwanta. Su biyun su gitta juna, su tsaya tare, su rabu. Kai kuma kana gaban allo kana rubuta nisan da aka fara kama kowa, da sau nawa lambarsa ta canja.

Maimaita gwajin a lokuta daban-daban, domin kyamarar zafi bambancin zafi take gani. Takarda za ta ce sensar tana jin bambancin da bai kai kashi 50 cikin dubu na digiri ba, amma idan bango ko ƙasa sun ɗumama har sun kai zafin fata da tufafi, mutum yakan narke cikin bayansa komai yawan fiksel. Hakan ya fi faruwa bayan fitowar rana da wajen faɗuwarta, lokacin da zafin abubuwa ke gitta juna, da kuma ranakun tsananin zafi. Ruwan sama da hazo mai kauri su ma suna rage nisa. Gwada da asuba, da tsakar rana, da magariba, da tsakar dare, da rana guda ta ruwa.

Idan aka rasa mutum a nesa ko yana tsaye cak, matsalar fiksel ce: canja ido, ko matso da kyamara, ko ƙara wata. Idan ana ganinsa sarai amma lambarsa na canjawa da ya yi sauri ko ya gitta wani, matsalar yawan hotuna ce ko saitin riƙewa. Idan kuma komai na tafiya daidai da dare amma ya lalace da magariba, duba abin da ke bayan mutumin, ka sauya kusurwar kyamara ta daina kallon bangon da ya wuni yana shan rana. Mafi gajeren nisan da ka samu a duk gwaje-gwajen nan, shi za ka rubuta a taswirar wurin a matsayin iyakar kowace kyamara.